Jif ɗin da muka bari a Jeniba

Tun muna cikin jirgi Yaya yake yabon motar da bai taɓa gani ba. Shekararsa talatin yana tuƙi, ko madubin wani bai taɓa gogewa ba, saboda haka in ya yi magana a kan mota ba a cika ja da shi ba. Hukuncinsa ɗaya ne: wanda zai tunkari tsaunukan Alp a tsakiyar hunturu, to ya nemi jif, babba, mai tsayi. Ni ma a lokacin haka na ɗauka. Ni ne na zauna makonni uku kafin tafiyar na zaɓo ta a intanet, wata ƙatuwa fara tas, an ɗauki hotonta a kan dusar ƙanƙara kamar a can aka haife ta. A ƙarƙashin hoton akwai wasu 'yan kalmomi da idona ya tsallake: "ko makamanciyarta".

Mun sauka Jeniba ta ƙasar Suwizalan a watan Janairun 2025. Filin jirgin garin yana da wani abu da baƙo ba ya sani sai ya je: ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta Suwizalan, ɗaya ta Faransa, kuma kowane ɓangare da nasa kamfanonin hayar mota. Ni na Faransa na zaɓa, don ya fi sauƙi a aljihu. Daga baya na gane abin da ya kawo sauƙin. Motocin ɓangaren Suwizalan galibi sukan zo da tayoyin hunturu a ƙafarsu da kuma takardar izinin hawa manyan titunan ƙasar, wadda suke kira vignette. A ɗaya ɓangaren kuwa, sai ka tambaya, wani lokaci ma sai ka dage.

Matar da ke kan tebur ta karɓi lasin ɗinmu, ta duba na ƙasa da ƙasa, ta riƙe kuɗin ajiya a katin banki, ta miƙo makulli da murmushi. Muka gangara garejin. Ga ta nan kuwa, ba fara ba, baƙa, amma da tsayinta da faɗinta. Yaya ya zagaye ta sau biyu, ya daki bayanta da tafin hannu, ya ce, "Yauwa, wannan ita ce mota."

Muna cikin loda kaya sai wani dattijo ma'aikacin garejin, mai rigar leda ruwan lemo, ya tsaya ya tambaye mu ina muka nufa. Na haɗa ɗan guntun Faransancina na ce garin Chamonix na Faransa, su kuma "Shamoni" suke cewa, daga nan mu tsallaka ta kan tsauni zuwa Martigny da ke Suwizalan. Bai ce uffan ba. Ya sa bakin takalminsa ya taɓa tayar gaba, ya tsuguna, ya yafito ni. Ya goge gefen tayar da babban yatsa ya nuna mini haruffa: M+S. Sai ya miƙe ya ja ni zuwa wata 'yar ƙaramar mota shuɗiya da ke can gefe, irin wadda mutum zai wuce bai ko kalla ba, ya sake tsugunawa. A gefen tata tayar akwai wani ɗan zane da bai fi girman farce ba: dutse mai kai uku, da furen dusar ƙanƙara a cikinsa. Ya buga zanen da yatsa sau biyu, ya dube ni, ya koma bakin aikinsa.

Wannan ɗan zanen shi ne duk labarin, kuma ya kamata in tsaya a kansa. Haruffan M+S na nufin laka da dusar ƙanƙara, amma kamfanin da ya ƙera tayar ne kawai yake buga su, bisa yanayin zanenta. Alamar dutse mai kai uku kuwa, wadda ake taƙaitawa da 3PMSF, ba a samunta sai taya ta ci jarrabawar riƙe ƙasa a kan dusar ƙanƙara. Bambancin ba a zane kaɗai yake ba, har da robar. Robar tayar bazara takan fara ƙandarewa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da kamar digiri 7, ta zama kamar busasshiyar fata, ta daina kama kwalta ko da babu ƙanƙara ko ɗigo. Ta hunturu tana nan da laushinta. Ga kuma wasu siraran tsage-tsage birjik a fuskarta, waɗanda suke buɗewa su ciji ƙasa duk lokacin da tayar ta juya. Na sa yatsa na danna ta 'yar shuɗiyar, ta lotsa. Na koma na danna ta jif, kamar na danna ƙofa.

Na hau sama na koma wurin matar, na ce motar da kuka ba mu ba ta da tayar hunturu. Ta ce a buɗe but a duba. Muka duba, sai ga wata jaka ɗauke da safar taya guda biyu, ta wani yadi mai kauri da ake sa wa taya kamar hula. Ta ce da wannan mun cika doka. Kuma gaskiyarta. Dokar tsaunuka ta Faransa, wadda ta fara aiki a 2021, ta ce daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, a yankunan da aka ayyana, ciki har da Haute-Savoie inda Chamonix yake, dole mota ta kasance da tayoyin hunturu huɗu, ko kuma ta ɗauko sarƙar da ake naɗa wa taya ko safa da za ta isa aƙalla tayoyi biyu masu ja. Tun daga Nuwambar 2024 ma, taya mai M+S zalla ba ta shiga lissafin tayar hunturu. To jif ɗinmu ta tsira daga ɗan sanda da jakar da ke bayanta. Amma jaka a but ba ta tsayar da mota a kwana. Cika doka daban, tsayawa idan ka taka birki daban.

Sai abu na biyu, wanda ya fi ƙona wa Yaya rai. A takardar hayar akwai haruffa huɗu, IFAR. Kamfanonin haya suna da wani tsari na bai ɗaya da suke rarraba motoci da shi: harafin farko girman mota, na biyu siffarta, na uku giya da yadda take ja, na huɗu mai da na'urar sanyaya ciki. A gurbi na uku, A na nufin otomatik kawai, ba tare da alkawarin tayoyi nawa ne ke ja ba. Da B ne ko D, to otomatik ce mai ja da ƙafa huɗu. A manuwal kuma N ko C ake nema, M ba ta yi alkawarin komai ba. Ashe jif ɗin Yaya da tayoyin gaba kawai take ja, daidai da 'yar shuɗiyar. Jikin giwa ne aka ɗora a kan ƙafar akuya. Da yawa daga cikin dogayen motocin da suka cika garejin haka suke, kyan ɗan maciji.

"Yaya," na ce, "mu karɓi ƙaramar."

"Kai wane irin mutum ne? Mu bar wannan mu shiga gwangwani? In wani ya zame ya dake mu fa?"

"In mu muka zame fa, Yaya?"

Ya yi shiru, ya sake duban jif ɗin kamar mai sallama da amarya. Na tambayi matar ko akwai mai ja da ƙafa huɗu kuma mai tayar hunturu, don ita ce ta haɗa komai. Ta ce duk sun fita, lokacin masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ne, wanda yake so tun da wuri yake kamawa, kuma a rubuce. Wannan kuskurena ne, ba nata ba. Da na bugo waya tun ina gida na sa an rubuta mini "tayoyin hunturu" a cikin takardar, da ba a yi wannan tsayuwar ba. Tsakanin biyun da suka rage, ban yi wata-wata ba. Ja da ƙafa huɗu yana taimakon mota ta tashi, ta hau tudu. Ba ya ƙara mata komai wajen tsayawa, don kowace mota da ƙafa huɗu take birki. Abin da ya haɗa ka da ƙasa bai wuce wuri huɗu masu faɗin tafin hannu ba, kuma duk nauyin da ka ƙara, su za ka ƙara wa aiki a gangara.

Muka sauya takarda. Na sa aka rubuta sunan Yaya a matsayin direba na biyu, aka rubuta cewa za mu tsallaka iyaka, aka ba mu akwatin sarƙa maimakon safa. Na tambayi abin da inshorar ba ta ɗauka, aka ce taya da gilashi da ƙarƙashin mota, wato daidai wuraren da hanyar hunturu take ci, sai na ƙara wadda ta haɗa da su. Na duba zurfin zanen tayoyin: doka ta tsaya a milimita 1.6, amma masana taya sukan ce ta hunturu kada ta gaza 4, namu kuwa sun wuce haka. Na duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da haruffan DOT a gefen taya, masu nuna mako da shekarar da aka ƙera taya, na ga ba ta tsufa ba. Akwai abin kankare gilashi a aljihun ƙofa. Motar fetur ce, na ji daɗin haka, don man dizal yakan yi kauri a tsananin sanyi in ba wanda aka haɗa don hunturu ba ne. Na ɗauki hoton kowane ƙwarzane. Na sayi izinin titunan Suwizalan a waya, tunda tun 2023 ana yinsa da lambar mota ba sai an manna takarda a gilashi ba. Ina ta jin kaina gwani. Abu ɗaya ne ban duba ba, za mu zo kansa.

Daga Jeniba zuwa Chamonix tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce, kusan duk a kan babban titin A40. Kwalta baƙa wuluk, an share, an zuba gishiri. Yaya na gefe yana ta gunaguni, gwiwarsa na taɓa gaban mota. "Ina ƙanƙarar da ka hana mu jif dominta?" Ban tanka ba. Abin da ya dame ni shi ne ruwan gishirin da manyan motoci ke watso mana, yana bushewa fari fat a gilashi, kowane minti biyu sai na fesa ruwa na kunna waifa. A nan na gane amfanin ruwan wanke gilashi da ba ya daskarewa. Ba don shi ba da makanta ce tsirara. Bayan garin Sallanches sai tsaunin Mont Blanc ya bayyana a gabanmu, sama da mita 4,800, fari har yana kashe ido. Gunagunin Yaya ya tsaya. Muka hau doguwar gadar Égratz da ke maƙale a jikin dutse, kunnuwanmu suka toshe, muka shiga garin da aka yi wasannin Olamfik na hunturu na farko a 1924.

Da daddare sama ta buɗe. Ba ƙara, ba iska, sai dai ka ga fari na sauka a hasken fitila kamar ana sheƙar auduga. Da asuba motarmu ta zama tudu.

Kafin mu kama hanya na ce mu yi abu biyu a filin ajiye motocin masaukinmu, tunda babu kowa. Na farko, gwajin birki. Na ja ta a hankali, na take birki da ƙarfi. Sai na ji fedar tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, tana gurnani. Wanda bai sani ba zai ɗaga ƙafa ya ce wani abu ya karye, alhali na'urar ABS ce take saki tana kamawa don kada taya ta ƙulle. Abin da ake so shi ne ka ci gaba da dannawa kana juya sitiyari. Yaya ma ya gwada, sau uku. A na ukun na ga yana gyaɗa kai shi kaɗai.

Na biyu, gwajin sarƙa. Na buɗe akwatin, na baza ta, na zura ta bayan tayar gaba kamar yadda hoton ya nuna, na ja, na ja, ƙugiyar ta ƙi kaiwa. Na cire safar hannu, na sake. Minti goma yatsuna sun daina jin komai. Yaya ya ɗauki akwatin ya juya bayansa, ya tsuguna ya karanta gefen tayar, 195/65 R15, ya bi jerin lambobin da ke jikin akwatin da yatsa har ƙasa. Babu ita. Sarƙar wata motar aka ba mu. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam mai bincike, wannan fa? Ko ita ba ta da dutse mai kai uku?"

Na cancanci wannan. Da a can saman tsauni muka gano, cikin iska, motoci na jira a bayanmu, da labarin ya sha bamban. Muka samo daidai ita a wani gidan mai, na adana rasit, muka sake gwadawa har sau biyu sai da hannuna ya haddace. Yaya kuma ya kawo dabarar shimfiɗa tabarmar ƙafa ta cikin mota a durƙusa a kai.

Chamonix yana kan mita 1,035. Hanyar da muka bi ta ratsa Argentière, ta hau mashigin Montets mai tsayin mita 1,461. Wani lokaci akan rufe shi saboda zaftarewar dusar ƙanƙara, sai a riƙa ba motoci hanya bi da bi ta ramin jirgin ƙasa da aka fafe a cikin dutsen. Ran nan a buɗe yake, amma kwalta ta ɓace gaba ɗaya, sai farin abu da aka taka ya daskare, da dogayen sanduna a gefe masu nuna inda hanya ta ƙare. 'Yar shuɗiyar ta yi ta hawa ba ko tari. Ana dab da kwanonin ƙarshe sai na ji gabanta ya fara lilo, wata fitila ruwan ɗorawa tana ƙyafta mini. Akwai fili a gefe da aka tanada don ɗaura sarƙa, motoci uku na tsaye a ciki, har da dogaye biyu. Muka shiga. Minti shida muka gama, a tayoyin gaba tunda su ke ja, muka matsa 'yan mitoci muka sake ɗaure ta tamau. Da sarƙa ba a wuce kilomita 50 a awa, mu ko 30 ba mu kai ba. Ƙararta kamar ana jan mari, sitiyari na rawa a hannu, amma motar ta kama ƙasa kamar ƙadangare a bango.

Bayan Vallorcine muka tsallaka iyaka a Le Châtelard. Can ƙasa hanya ta yi baƙi, dole muka tsaya muka kwance sarƙar, don a kan kwalta zalla takan ci taya ta ci kanta. Wannan ɗaura-kwance shi ne abin da ba a gaya wa mutum: sarƙa maganin wuri ɗaya ce, taya kuwa tana tare da kai tun daga ƙofar gareji. Mafi yawan hanyar ba fara ba ce, ba kuma busasshiya ba. Jiƙaƙƙiya ce mai sanyi, inuwa a nan, gada a can, wani wurin da siririyar ƙanƙara da ido ba ya gani sai ka ji sitiyari ya yi sakayau. A irin wannan babu mai tsayawa ya sa sarƙa ko safa.

A saman mashigin Forclaz, mita 1,527, Yaya ya ce in ba shi makulli. Na ɗan yi jim. Daga nan zuwa Martigny gangara ce ta fiye da mita dubu a cikin kilomita goma sha 'yan kai, kwana bayan kwana, kwarin kogin Rhône shimfiɗe can ƙasa kamar taswira. Na ba shi. A nan na ga abin da shekara talatin take saya. Ya sa giya ta biyu ya bar inji ya riƙe motar, ƙafarsa na shawagi a kan birki ba ta taka ba. In zai rage gudu, tun hanya tana miƙe yake ragewa, kafin kwana, ya shiga kwanar da sitiyari kawai, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da ruwa. Ya bar tazara mai yawa tsakaninsa da na gaba. Wata mota ta manne mana a baya tana haska fitila, ya sami wuri ya raɓe ya ba ta hanya, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, ɗan saurayi." Bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba sai ranar, amma wanda ya saba lallaɓa mota a laka bai rasa komai ba. Ya ce da otomatik ce ma da sai ya nemo inda ake kulle ta a ƙaramar giya, don wanda ya sauko wannan gangara da birki kaɗai zai ji ƙaurinsa kafin ya kai ƙasa.

Kada in yi wa jif rashin adalci. Kwana biyu bayan haka, a wani ƙauye da ke sama da kwarin, motar share hanya ta tara mana tudun ƙanƙara a bakin inda muka ajiye mota. 'Yar shuɗiyar ta hau, cikinta ya zauna daram a kai, tayoyin suna juyawa a banza. Rabin awa muka yi muna haƙa da shebur ɗin aro. Mota mai tsayi da ta taka ta wuce. But ɗin ma bai ɗauki akwatunanmu duka ba, ɗaya a kujerar baya ya yi tafiyar. Wanda zai kwana a gidan da ke ƙarshen hanyar da ba a sharewa, ko yake da iyali da kaya, yana da hujjar neman doguwa mai ja da ƙafa huɗu, in dai ya tsuguna ya ga dutsen nan mai kai uku a ƙafarta. Yaya bai bar wannan rabin awar ta wuce a banza ba, kowane shebur da ya ɗebo sai ya ce, "Gwangwani."

Muka koma ta bakin tafkin Jeniba, ta Montreux da Lausanne. Mayar da motar ya zame mana wani aikin, don ƙofar ɓangaren Faransa ba ta cikin Jeniba ake shigarta ba, sai ka fita ta wajen Ferney-Voltaire ka biyo wata siririyar hanya mai shinge. Sau biyu muna ɓacewa. Da muka shiga garejin, baƙar jif ɗin na nan inda muka bar ta, ko wata irinta, wasu mutum huɗu na loda mata kaya da fara'a. Ina can ina neman rasit ɗin sarƙa a aljihu, na waiwayo ban ga Yaya ba. Can na hango shi tsugune a gindin tayarsu ta gaba, yana goge gefenta da babban yatsa, yana yafito mai makullin.